Sunan Leroy a Jikin Dutsen Coci

Tsohuwar ta shafa sunan da ke jikin dutsen, ta fashe da kuka. "Ɗana Leroy ke nan. Yaƙin Vietnam ya cinye min shi."

A ranar ne Sailuba ta fara aikin jinyar tsohuwar. Ga su a harabar cocin wani ƙauye kusa da garin Bowie a Amurka, gaban dutsen tunawa da sojojin garin.

Sailuba ta matsa kusa da mutumin da ya tuƙo su, ta yi ƙasa da murya. "Shi kaɗai ta haifa?"

"Ni kaɗai ta haifa," ya ce, idanunsa sun yi jawur. "Wannan na jikin dutsen mijinta ne, mahaifina, sunansa aka sa min. Ni take yi wa kuka. Ta daina gane ni."