Bakin Mayafin Inna Hure

Kwana biyu Inna Hure ba ta sa komai a bakinta ba, amma ɗanta Muntaka bai ɗauki abin da zafi ba. Shekarar tsadar hatsi ce, gidaje da yawa a ƙauyensu na gefen Gezawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Ya zaci jikokinta take bar wa rabonta, kamar yadda ta saba. Sai da matarsa Barira ta ce ta gan ta tana amai a bayan rumbu, sannan ya ari babur ya kai ta ƙaramin asibitin da ke bakin kasuwa.

Muntaka shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In za ta yi masa magana, gefe take kallo ta ce, "Kai wannan."

Ranar kasuwa ce, asibitin ya cika, nas kuma ɗaya ce, Sista Kaltume. A kan benci ga Mati, wanda fartanya ta sare shi a babban yatsan ƙafa, ya cika wurin da ihu.

"Wayyo Sista, ƙafar nan ta tafi! A kira mini iyalina!"

"Haba Mati, ɗan wannan yankan? Ai wanzami ma ya yi maka wanda ya fi shi."

Aka yi ta dariya. Duk da haka a kansa ta daɗe, tana wankewa tana lallashi.

Da layi ya zo kan Inna Hure, ta shiga a sunkuye, tana jan ƙafa a hankali. Ta ɗosana a bakin kujera, gefen mayafinta yana cikin bakinta. Muntaka ya tsaya a bayanta.

"Inna, yaya jikin?" in ji Sista, idonta na kan katin da take rubutu.

"Da sauƙi, 'yar nan. Alhamdu lillahi."

"Ina ne ke miki ciwo?"

Inna ta saci kallon ƙafafun ɗanta, ta mayar da idonta ƙasa. "Ɗan ciwon ciki ne kawai."

"Sosai?"

"A'a, ba sosai ba."

Gumi na tsattsafowa a goshinta, alhali da safen an yi ruwa, gari ya yi sanyi. Muntaka ya gani, ya ce a ransa wahalar babur ce. Sista kuwa ba ta ɗago ba, balle ta ce ta hau gado a taɓa cikin.

"Olsa ce. Yunwar nan ba ta bar kowa ba," ta ce, ta miƙa musu farin magani na ruwa da ƙwayoyi. Ta leƙa waje ta ce, "Mati, zo ka ga matan da. Ko tari ba ta yi ba."

Muntaka har da murmushi. Ya ji daɗin yabon da aka yi wa mahaifiyarsa.

Washegari da hantsi yana gona, sai ga Barira a guje ko takalmi babu. Inna ta faɗi a gindin randa, ba ta motsi. Da ƙyar aka samu mota zuwa babban asibiti a Kano.

Likitar da ta karɓe su, abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, jira mu a waje." Ba a jima ba ta fito, fuskarta a ɗaure.

"Kai ne ɗanta? Akwai kumburi a matsematsinta, ya kai ƙwan agwagwa. Hanji ne ya maƙale a wurin har ya ruɓe. Aƙalla kwana uku. Wannan ciwon, ƙato ma birgima yake yi a ƙasa. Ba wanda ya duba ta?"

"Jiya muka je asibiti. Ta ce da sauƙi."

"A gabanka aka tambaye ta?"

Muntaka ya gyaɗa kai.

Kafin a gama shirya ɗakin tiyata, Inna Hure ta cika. Ko la'asar ba a kira ba.

Aka miƙo masa takalmanta da mayafinta. Yana warware mayafin ya ga gefen nan da take riƙewa a baki. Ta taune shi ya yi huji-huji, ga busasshen jini a jiki. Ashe duk ihun da ba ta yi ba, a nan ya ƙare. Ya tsaya a tsakiyar baranda, mutane na ratsa shi, yatsansa a cikin hujin, yana ta maimaita innalillahi.

'Yan'uwa masu aikin jinya, don Allah kada ku auna ciwo da ƙarfin ihu. Ku ɗago ku dubi fuska da zama da tafiyar majinyaci, ku fitar da wanda majinyacin yake jin kunyarsa, ku sake tambaya, ku taɓa wurin. Mu kuma mu sani, ɓoye ciwo a gaban mai magani ba kunya ba ce, halaka ce.