Mai Fara Amsawa

"Wa alaikumus salam," in ji ɗanta, ita kuwa ba ta ji an yi sallama ba.

Muciya ta tsaya cak a hannunta. Da haka ciwon ya fara shekara bakwai baya, yana tuƙin mota tsakanin Tsafe da Gusau. Yana amsa sallamar mutanen da babu su, daga baya muryoyin suka koma zaginsa. An yi hayaƙi, an yi ruƙiyya har Bungudu, kafin likitan ƙwaƙwalwa ya ce mata ba iskoki ba ne, ciwo ne, kuma yana jin muryoyin sarai kamar yadda yake jin tata.

Magani ya rage su, bai kore su duka ba. Sai suka yi alkawari: duk sallamar da aka yi, ita za ta fara amsawa. In ta yi shiru, ya san babu kowa.

Yau ga shi ya riga ta.

"Ka sha maganinka?" ta tambaye shi.

Sai ga maƙwabciyarsu ta leƙo da ƙwaryar fura. "Sau uku ina sallama, har na juya."

Ɗan ya matso daf da kunnen uwarsa.

"Inna, wata biyu ke nan kunnenki ya yi nauyi. Kaji nake kallo yanzu, in sun watse daga zaure, mutum ne. Daga yau ni zan fara amsawa, ke ki bi ni."