Rigar Sulke Kafin Magariba

Ƙaltume ta zuge zif ɗin rigar sulken, ta zaro abin da ke cikinta, ta ɗaga shi a hasken ƙofa tana latsawa kamar mai zaɓen katifa. Sai ta shinshina. Kai! Warin tsohon gumi ya doki hancinta, ta jefar da ita gefe.

Lurwanu ya haɗiye tsaki. Ya daɗe yana gadi a wata sharika, wato kamfani, da ta rushe ta bar masa ragowar rigunan nan a wani sito a unguwar Aƙiƙ, amma bai taɓa gamuwa da mai saye mai tsirfa irin wannan ba. Wadda ta sha gumi, ta ce zarenta ya mutu. Wadda aka ajiye a ninke, ta nuna masa karyewar da yatsa. Wata kuwa kwanan watan da ke wuyanta ya girmi autarsa.

Bai dai ga laifinta ba. Tun shigowarta ta ce masa rai ne a kai, kuma yau take so, kafin magariba. Kowa ya san ƙanenta Jabir na gadin gonar dabino can a garin Khaibar, shi kaɗai tilo.

"Yaya Lurwanu, kaifi yana cin ta?"

"Don harsashi aka yi ta, ƙanwata. Abu mai tsini kan iya ratsawa. Yanka dai, da wuya."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki mafi ƙanƙanta. Da hannun hagu ta ja maɗaurin, na dama na cikin abaya tun da ta zo. Ta tambaya ko ana iya durƙusawa da ita, ya ce har sujada. Oho, ashe Jabir ya rame haka? Tausayi ya kama shi.

Yana naɗe mata ya tambayi jikin mahaifinta, Baba Ɗanmusa. Wa bai san tsohon wanzamin ba? Shi ya yi wa rabin mazan unguwa kaciya, ƙahonsa kuwa har Larabawa layi suke yi masa, kafin tsufa ya rikita shi.

"Yana nan da zabirarsa?"

"Da ita yake kwana. Mun taɓa ɓoye ta, ya daina cin abinci har sai da muka mayar."

"Asibiti fa?"

"Da wace iƙama, yaya? Ba shi da izinin zama. In suka gan shi, jirgi za su sa shi zuwa ƙasar da ba wanda ya san shi."

Lurwanu ya miƙa mata ƙunshin. Ya ce ta gaishe da Jabir, ta ce to, zai ji.

Ta isa gida ana shirin kiran salla. Ta dama kunu, ta fifita shi ya sha iska. Daga ɗakin ƙurya tana jin shuu, shuu, ƙarfe a kan dutse, kamar kullum. Wallahi tsoro take ji, amma tsoho bai sa komai a cikinsa ba tun safe, kuma ba shi da kowa a garin nan sai ita.

Ta canza ƙyallen da ke ɗaure a kan raunin damtsenta na dama, ta zura rigar a ƙarƙashin abaya, ta ɗauki kwanon, ta yi bisimilla, ta tura ƙofar a hankali: "Baba, ajiye askar. Ni ce Ƙaltume, 'yarka ce."