Bencin Aro

Ranar da sufeton makarantu zai zo daga Kankiya, hedimastanmu ya aro bencuna daga wajen Yashe, don kada a ga muna karatu a ƙasa. Ranar na fara zama a benci. Har yau ina jin ƙamshin fentinsa.

Sufeto ya leƙa ajinmu, ya gyaɗa kai. "Malam, ku kam kun wadata. Sababbin bencunan da ke hanya sai a kai makarantar Mawashi."

Bayan la'asar aka kawo amalanke don mayar da bencunan. Na rirriƙe ƙafar nawa. "Malam, yaushe namu za su zo?"

Hedimasta ya ɓamɓare yatsuna a hankali. "Saki, ɗana. Namu ni na kore su."

Ban taɓa jin haushinsa ba. Amma har na gama firamare, a kan gwiwata nake rubutu.