Ɗigo a Kafaɗar Malamin Daji

Tabawa ta lura da wani farin ɗigo a kafaɗar malamin daji, yana cikin karanta musu doka: duk kurmin da ya shekara uku babu tsuntsu mai rai, sarewa za a yi. Kukan tsuntsayen da ke tashi daga rassan kurminsu kuwa na lasifika ne, kowa ya sani.

"Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, "lasifika tana kashi?"

Ya dubi kafaɗarsa, ya ɗaga kai. Ga wata 'yar tsuntsuwa kamar babban yatsa, tana tsintar tsutsa a bayan ganye.

"Ita wannan wa ke kunna ta?" wani mai gatari ya tambaya.

Tabawa ta yi dariya har da ƙwalla. Malamin ya naɗe takardarsa, ya kama hanya, ko goge rigar bai yi ba.