Mai Jarrabawar da Ya Zo da Kunnensa

Tunda kin ce a bar wannan darasi na sauƙaƙa wa makafi shafin intanet sai ɗalibai sun ƙware, malama, bari in ba ki misali. A wata kwaleji an yi wata ɗaliba mai koyon gina shafin intanet, Allah ya haɗa ta da wani malami mai nacin tsiya. Tun makon farko ya kafa doka: duk hoton da aka ɗora sai an rubuta abin da ke cikinsa, duk maɓalli sai an raɗa masa suna, domin makaho da kunne yake karatu, wayarsa ce ke faɗa masa abin da ke shafi. Wani lokacin har tawul yake yafa wa fuskar kwamfutarta, ya ce ta lalubo hanya da kunne. Haushi kamar ya kashe ta. 'Yan ajinsu kuwa suka yi kunnen uwar shegu da shi, suka zuba launi da hotuna masu motsi, wai wannan ƙaramin aiki ne, sa liƙa shi a ƙarshe. Ita dai tana yi tana gunaguni, ba don Allah ba, don tsoron malam.

Ranar duba aikin kammalawa, wanda in mutum ya faɗi sai ya maimaita shekara, sai ga mai jarrabawa daga wata jami'a an riƙo masa hannu. Makaho ne. Ya zauna, ya ƙure sautin wayarsa kowa na ji. A shafin farko da ya buɗe, na wasu 'yan ajinsu, wayar ta yi ta cewa "hoto, hoto, maɓalli", bawan Allah ya rasa ƙofar shiga. Masu shafin suka roƙi a ba su kwana biyu su gyara, ashe gyaran sai an rushe komai tun daga tushe. Da aka zo kan nata, shafin wani asibitin unguwa ne, duk ajin babu marar ado kamarsa. Sai wayar ta shiga karantawa tiryan-tiryan, ga ranakun ganin likita, ga inda za a taɓa a kama layi. Mutumin ya taɓa, ya kama layin da kansa, ya yi murmushi ya ce har ya manta rabon da ya yi haka bai roƙi kowa ba. Ta sauke ajiyar zuciya, daɗi ya lulluɓe ta, ta kasa haɗa ido da malamin da ta sha zagi a zuci. Shi ya sa Hausawa ke cewa, tun ran gini, tun ran zane.