Hular Malam Barau

Tun da aka kafa dokar Mai Gadi, ɗalibin tuƙin jirgin sama da hannu a kan gwiwa yake tashi. Da zarar gudu ya ragu, na'urar Mai Gadi ce ke karɓe sitiyari. Haka yayan Shatu ya rasu, hannunsa a kan gwiwa, yana jiran na'urar da ta riga ta ɗauke.

Da hantsi, suna saman gonakin Giwa, mai koya wa Shatu tuƙi, Malam Barau, ya kashe na'urar ya kifa wa na'urar hularsa.

"Shatu, in aka gane, ke da tuƙi har abada. Mu fasa?"

"Malam, rage mai kawai."

Jirgin ya yi sanyi, hancinsa a sama, ya fara karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sai fiffike ya saki iska, suka sulmiyo. Duk jikinta na ce mata ta ja sitiyari.

"Tura hancin ƙasa," in ji Malam a natse. "Bari ya sha iska, ki ƙara mai."

Ta tura. Gonaki suka taso musu, sannan fiffiken ya kama, ta ɗago jirgin a hankali.

Daga ƙarƙashin hular, na'urar da suka kashe ta ce cikin ladabi, "Sannu da aiki, Shatu Ilu. An sanar da hukuma."

Malam ya ɗauki hularsa ya sa.

Shatu ba ta mayar da hannu gwiwa ba. "To tunda an sanar, Malam, mu sake. Na farkon bai yi min ba."